Carmen Jones da maganar murya

Jama'a, barkanmu da yamma. Abubuwa biyu nake so mu duba game da fim ɗin Carmen Jones, wanda Otto Preminger ya shirya a 1954.

Na farko shi ne asalinsa. A 1875 aka fara nuna Carmen, operar Georges Bizet (wato wasan dandamali da ake rera shi da waƙa), a Paris, labarin wata ma'aikaciyar kamfanin taba a Seville ta ƙasar Sifen da sojan da sonta ya zautar. A 1943 Oscar Hammerstein ya riƙe kiɗan, ya rubuta sababbin baitoci, ya mai da labarin cikin baƙaƙen fatar Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a wasan dandamalin da daga baya aka mayar fim ɗin nan. Kamfanin taba ya zama na ɗinka laimar saukowa daga jirgi, mai karawa da bijimi kuma ya koma ɗan dambe.

To, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murya. Dorothy Dandridge, jarumar fim ɗin, mawaƙiya ce, Harry Belafonte, jarumin, kuwa duniya ta san shi da waƙa, amma a fim ɗin babu ɗayansu da aka bari ya rera da bakinsa, domin an ce kiɗan Bizet yana buƙatar muryar da ta sha horon opera. LeVern Hutcherson ne ya yi wa Belafonte waƙa, wadda ta yi wa Dandridge kuwa Marilyn Horne ce, Baturiya mai shekara 20, wadda ta zauna ta nazarci yadda Dandridge take furuci har ta kwaikwaye ta. Ku da kuke kallon finafinan Kano kun saba da jaruma tana motsa baki wata tana rerawa, don haka abin ba baƙo ba ne a gare mu. Sai dai ku lura, a nan mawaƙiya ce aka hana waƙa, mawaƙiya, a fim ɗin da ya sa ta zama baƙar fata ta farko da aka tsayar takarar lambar yabon finafinai ta Oscar ta babbar jaruma. Pearl Bailey, wadda ita ma ta fito a fim ɗin, dai an bar ta da muryarta.

Na'am, malam, ina jin ka. Yana tambaya ko Faransawa sun karɓi fim ɗin. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1955, amma magadan waɗanda suka rubuta baitocin asali sun ƙi yarda da sauyin, saboda haka ba a sake shi a gidajen sinimar Faransa ba sai 1981, shekara 16 bayan rasuwar Dandridge.