Wa Ke Duba Ƙananan Likitoci? Lacca Kan Zane, Rubutu da Waƙa a Asibiti

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamanmu manyan likitoci, ƙannena ɗalibai da masu neman ƙwarewa, barkanmu da war haka.

Na san halinku, ba ku yarda da magana sai da alƙaluma, to ga su. A 2015 mujallar likitanci ta JAMA ta Amurka ta wallafa nazarin da ya tattara bincike 54 da aka yi kan likitoci masu neman ƙwarewa, aka samu kusan kashi 29 cikin 100 na fama da ciwon damuwa ko alamunsa. A 2016 aka yi irin wannan a kan ɗaliban likitanci: kashi 27 na da alamun, kashi 11 har tunanin kashe kai ya zo musu. Cikin masu alamun kuwa, kusan kashi 16 kacal suka nemi magani. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai.

Dalilin kun fi ni saninsa. Likitan ƙwaƙwalwar da za ka gani, shi ne zai yi maka jarrabawa gobe. Mai ciro kati ya san ka. Kafin la'asar magana ta zaga asibiti wai wane ya samu taɓi. Sai yaro ya haɗiye abinsa. Ya kwana a bakin aiki, jariri ya cika a hannunsa da asuba, ƙarfe takwas yana cikin zagayen marasa lafiya ana jefa masa tambayoyi kamar ba a yi komai ba.

Amfanin aikin fasaha a nan shi ne ƙofarsa ba ta da kunyar shiga. Ba sabon abu ba ne: tun wajen shekarar 1940 wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, yana jinyar tarin fuka ya ga zane na rage masa ƙunci, ya shiga koya wa sauran majinyata. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar da rahoton da ya duba wallafe-wallafe sama da 900 kan fasaha da lafiya. A Jami'ar Kolorado kuma an haɗa ma'aikatan lafiya rukuni-rukuni na mako 12, wasu zane, wasu kiɗa, wasu rubutu, wasu rawa da motsa jiki, kowane rukuni da ƙwararre a kansa. Waɗanda suka shiga, alamun damuwa da fargaba sun ragu a gare su fiye da waɗanda ba su shiga ba.

Amma wanda ya fi kwanta mini shi ne na Dakta Rita Charon ta Jami'ar Kolambiya a New York. Takan sa ɗalibanta su buɗe fayil na biyu ga majinyaci. Na farko kun san shi: zafin jiki, bugun jini, magani. Na biyun kuwa, abin da ba ya shiga fayil ɗin asibiti ake rubutawa: tsohon nan ya tuna mini da mahaifina, na ji tsoron shiga ɗakinsa, na ji haushin kaina. Sai a taru a karanta wa juna. Kuɗinsa nawa? Biro da littafin rubutu. Ɗalibin da ba zai taɓa cewa "ina cikin damuwa" ba, sai ka ji ya faɗa a baiti huɗu na waƙa, na kusa da shi ya ce ashe ba ni kaɗai ba ne.

Na hango wani malam yana girgiza kai tun da na ambaci kiɗa da rawa. [Dariya] Allah ya gafarta malam, ba dole sai su ba. Akwai rubutacciyar waƙa, akwai zayyana, akwai ɗinkin hula da ginin tukunya.

Sai jan kunne ga shugabannin asibitoci. Kada a ba yaro fenti a hana shi barci. Amurka ta ƙayyade wa masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, su ma sai da rai ya salwanta. Zane ba ya biyan bashin albashi, kuma wanda ciwonsa ya yi tsanani magani yake buƙata wurin likitan ƙwaƙwalwa, a asirce.

Idan za ku fara, mutum takwas ko goma sun isa, a cikin lokacin aiki, ba ranar hutunsu ba. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Mai jagorantar zaman kuma kada ya zama yana da hannu a makin kowa. Shugaba, bismillah, a karɓi tambayoyi.