Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan Tanki a Lokacin Bazara

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga Sakkwato ta fito, daga wani mai kula da masaukin baƙi. Yana cewa: "Tankunanmu a kan rufi suke, da rana ruwan ya yi ɗumi sosai. An ce akwai cutar da ke hayayyafa a irin wannan ruwa. Shin gaskiya ne?"

Gaskiya ne, Malam. Ƙwayar cutar sunanta Lijiyonela, kuma huhu take kamawa. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojojin Amurka a wani otal a birnin Filadelfiya a 1976, inda fiye da mutum 200 suka kwanta, 34 suka rasu. Abin da take so shi ne ruwan da ya kwanta ba ya motsi, mai ɗumin digiri 20 zuwa 45, musamman in akwai tsatsa da laka a gindin tanki. To ka duba baƙin tankin roba a zafin ranar watan Afrilu.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure: yawanci ba ta hanyar shan ruwan ake kamuwa ba, feshinsa ake shaƙa, kamar a shawa. Don haka ɗakin da ya yi makonni ba baƙo ya fi ba ni tsoro. Duk mako a buɗe tagarsa, a saki famfo da shawa su zuba na 'yan mintuna, mai aikin ya ja da baya. A yi wa tanki rumfa, a rufe shi ruf, a riƙa wanke shi. Kan shawa a kwance shi a kankare duk wata uku. Hita kuwa ta riƙe ruwa a digiri 60, amma don Allah a kula da yara da tsofaffi kada ya ƙona su. Bututun da aka daina amfani da shi, mai gyaran famfo ya cire shi gaba ɗaya.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana tambaya ko na'urar sanyaya ɗaki na kawo wannan cuta.

Hajiya, ta bango wadda ba a zuba mata ruwa ba ta da wannan matsala. Wadda ake cika wa ruwa ce ke son kulawa: a zubar da na jiya, a wanke, a sa sabo. In kuma wani a gida ya kamu da zazzaɓi mai zafi, tari da sarƙewar numfashi, musamman wanda ya haura shekara 50, mai shan taba ko mai ciwon suga, kada a tsaya kan maganin maleriya. A kai shi asibiti, a gaya wa likita inda ya kwana da inda ya yi wanka cikin kwanaki 10 da suka wuce. Tana da magani in an kama ta da wuri.