Fodkas: Kumfa a jijiya, sikanin a kai

Hajiya: Assalamu alaikum. Dakta, tun Lahadi wayata ba ta huta ba kan saƙon baiwar Allahn nan da mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Wai an ce sai an ɗura mata kumfa a jijiya kafin a yi mata sikanin kai.

Auta: Kowa cewa yake kar ta yarda, Yaya. Ai da haka muka taso, ko a robar ƙarin ruwa aka hango iska, sai a tashi neman nas a guje.

Dakta: Tsoron yana da tushe, iska mai yawa a jijiya tana kisa. Amma waɗannan kumfa ko ƙwayar jan jini ba su kai ba. Ka jera guda 1,000, da ƙyar su kai milimita 3. Maganin kumfar da aka fi sani, SonoVue, tun 2001 ake aiki da shi a Turai. Gari ne a 'yar kwalba, a zuba masa ruwan gishirin asibiti, a girgiza ya yi fari kamar madara, a tura ta jijiyar hannu. Cikin minti 15 gas ɗin ya fita ta numfashi. Ba ya bi ta ƙoda, saɓanin ruwan da ake ɗurawa a siti-sikan.

Hajiya: To me ya kawo shi tun farko? Mu dai ana mana sikanin ciki ba allura.

Dakta: Ciki ba ƙashi, Hajiya. Kai kuwa ƙoƙo ya kewaye shi, kuma ƙashi yana cinye sautin da na'urar sikanin ke aikawa. Sai a 1982 Rune Aaslid, ɗan Norwe, ya nuna za a iya ratsawa ta nan, gefen kai, ɗan sama da gaban kunne, inda ƙashin bai da kauri. Ku taɓa wurin.

Auta: Nan inda yake motsi in ina tauna?

Dakta: Nan. To mutum 1 zuwa 2 cikin 10 ko ta nan ɗin ba a ganin komai, kuma ya fi yawa ga tsofaffin mata da baƙar fata. Ka shafa man sikanin, ka juya hannu dama da hagu, allon shiru. Ana tura kumfa, kafin ka ƙirga 30 jijiyoyin sun fito da launinsu, domin kumfa tana karkarwa in sauti ya buge ta, ta mayar da amo mai ƙarfi. Daga nan ne za ka ga inda jini ya toshe ko ya matse.

Akwai ma wani gwajin na daban, da ruwan gishiri kawai da 'yar iska, a kaɗa su tsakanin sirinji biyu. Kumfar wannan gwajin manya ne, huhu yana tare su. In aka ji su a jijiyar kai, to sun samu ɓarauniyar hanya, galibi wata ƙaramar ƙofa a zuciya da ba ta rufe ba bayan haihuwa. Kusan mutum 1 cikin 4 yana da ita.

Hajiya: Tsaya, Dakta. Wannan ne ake wa yara masu sikila a Asibitin Malam Aminu Kano?

Dakta: Na'urar ce, amma su ba ruwansu da kumfa, ƙashinsu bai yi kauri ba. Gudun jini ake aunawa. Ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Binciken STOP na 1998 a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. A Kano kuma an gwada maganin haidiroksiyuriya, domin jinin ba ya wadata.

Hajiya: Shi ya sa nake ta faɗar gwaji kafin aure. Tun 2024 fa doka ce a Kano.

Auta: Yaya, ni kike kallo?

Hajiya: Kai mana. Ka kai ta gwajin?

Auta: An sa rana dai.

Hajiya: Ranar gwaji ko ta biki?

Auta: Ta biki.

Hajiya: Ka ji ko, Dakta! Gobe da safe zan kira Umma.

Dakta: Ni zan rubuta masa takardar. Amma ba mu zo kan illa ba. Wasu kan ji ciwon kai ko tashin zuciya, kaɗan ƙwarai kuma jikinsu kan ƙi maganin sosai, shi ya sa ake yi a gaban likita. Baiwar Allahn nan mai saƙo ta faɗa wa likitocin in Mamanta tana da ciwon zuciya.

Auta: An kira magariba fa.

Hajiya: Allah Ya ba Mama lafiya. Sai mako mai zuwa.