Minsharin Matuƙin Jirgi: Dalilin da Ya Sa Likita Ke Tambaya

Assalamu alaikum, jama'a. Bari in fara da abin da ya faru a Hawai ta Amurka a watan Fabrairun 2008. Jirgin fasinja ya tashi daga Honolulu zuwa Hilo da hantsi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Barci ya kwashe matuƙan biyu. Ana ta kiransu daga ƙasa, shiru, har jirgin ya wuce filin sauka da mil 26. Allah ya kiyaye, suka farka suka juyo. Da aka gwada kyaftin ɗin, sai ga shi yana da ɗaukewar numfashi a barci mai tsanani, shi kuwa bai sani ba.

A wannan rashin sanin gizo ke saƙa. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki. A wasu mutane sakin yana toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi, ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci. Idan hakan ya wuce sau 30 a awa, ciwon ya tsananta. Da safe ba ya tuna komai. Zai rantse ya yi barcin awa takwas, amma jikinsa kamar wanda aka daka. Sau da yawa wanda ke kwana kusa da shi ya riga shi sani.

Shi ya sa mu likitoci muke tambayar matuƙi: kana minshari? Kana gyangyaɗi da rana? Akwai hawan jini? Mu auna nauyi, mu auna kaurin wuya.

A 2013 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta so tilasta gwajin barci ga duk matuƙin da ma'aunin ƙibarsa (BMI, wato nauyi gwargwadon tsayi) ya kai 40. Matuƙa suka yi ca, kuma ni ina ganin suna da hujja, domin siriri ma yana kamuwa. A Maris 2015 aka gyara: likita ya duba alamomin baki ɗaya, ya ba da takardar lafiya, matuƙin ya kawo sakamakon bincike cikin kwana 90.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsoro. Matuƙi yana ɓoye gajiyarsa don kada a raba shi da abin da yake ciyar da iyalinsa. Wallahi na fahimce shi. Amma ciwon nan yana da magani. Na'urar CPAP tana hura iska ta hanci, ta bar maƙogwaro a buɗe har gari ya waye, kuma tana ajiye lissafin awannin da aka yi amfani da ita. FAA na neman matsakaicin awa 6 na amfani da na'urar a kowane barci. Mai cika wannan sharaɗi yana ci gaba da tuƙinsa.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.