Tsohuwar aska daga kasuwar gwanjo: zaɓe, washi da askin farko

Salamu alaikum ƴan uwa, mutanen Yamai da na Tawa, ina gajiya. Daga Faransa nake magana, kuma yau askoki ne a kan tebur, irin masu naɗewa cikin ƙota, waɗanda masu sayarwa a nan ke kira coupe-chou. A kasuwannin gwanjo na ranar Lahadi ake tsintar su. Wadda aka yi wa kuɗi yuro 15, kusan jaka goma ke nan na sefa.

Ku duba wuyan askar, inda aka buga hatimi. Garuruwan da za ku fi gani su ne Thiers a Faransa, Solingen a Jamus, Sheffield a Ingila da Eskilstuna a Suwidin. In an rubuta Sheffield tare da England, galibi bayan 1891 aka ƙera ta, lokacin da Amurka ta wajabta sa sunan ƙasa a kan kayan da ke shiga wurinta. Amma ni suna ba ya ruɗa ni. Bakin aska da gadon bayanta nake dubawa kafin komai.

Ɗaga ta sama, haske ya bi bakin. Tsatsar da ke jikin ƙarfe tana fita da goga. Wadda ta ci baki har ta bar ramuka baƙaƙe, ajiye ta, don duk washin da ka yi ramin zai sake buɗewa ya zama giɓi. Tsaga ko ta kai siririn gashi, ita ma ajiye. Sannan gadon baya: in ka ga ya lafe da faɗi, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, an sha wasa ta da mugun hannu. Dalilin da ya sa na nace a nan shi ne, gadon bayan ne ke ba bakin kusurwarsa a kan dutse. In ya karkace, kaifi ba zai taɓa zuwa daidai ba. Haka in tsakiyar bakin ya lotsa ciki.

Ƙota kuwa ana iya sake ta. Sai dai akwai tsohuwar roba mai suna seluloyid, wadda in ta fara ruɓa takan fitar da iska mai cin ƙarfe. Alamarta, tsatsa ta bi daidai wurin da ƙotar ke rufewa. Irin wannan kar ta kwana akwati ɗaya da sauran.

Ga mai farawa, a nemi faɗin 5/8 na inci, wajen milimita 16, mai zagayayyen kai. Mai kai da kusurwa tana saurin tsaga kunne da gefen hanci.

In ka kawo ta gida, wanke da sabulu, busar, goge bakin da alkol mai kashi 70. Kar a dafa ta, ƙotar za ta lanƙwashe. Kuma aska ta mutum ɗaya ce. Ciwon hanta na bin jinin da ya rage a baki.

Yanzu washi, inda aka fi kashe askoki. Dutsen wuƙar mahauta ba nata ba ne. Ana farawa da dutsen ruwa mai lamba 1000 don fitar da baki, a wuce 3000 ko 4000, sannan 8000, mai hali ya ƙare da 12000. Ga yadda ake kwantar da ita. Baki da gadon baya duka suna taɓa dutse, baki na gaba, ana ja a karkace daga gindi zuwa kai, a juya ta kan bayanta. Nauyin askar kaɗai ya isa. In ka ɗaga bayan kamar mai wasa wuƙa, ka gama da ita. Kar ka bar dutsen 1000 sai ta aske gashin hannu daga gindi har kai, don duwatsun sama santsi kawai suke ƙarawa. Shawarata, washin farko ka kai wa wanda ya iya. Wanzamin da ya daɗe da zabira ya san kaifi, amma ka nuna masa wannan a kwance ake wasa ta.

Fatar goga baki kuwa kafin kowane aski ce. Dukawan Tawa za su yanka maka fatar shanu mai santsi, faɗin santimita 7, tsawo kamar 45, marar tabo. Ɗaure ta, ja ta miƙe. A nan akasin dutse ne: baya na gaba, baki na bi. Sau 40 zuwa 50, a hankali. In ta yi sako-sako bakin zai dakushe, in ka juya a kan baki ka yanke fatar. Da hunturu takan bushe, sai ka murza ta da tafin hannu.

Askin kansa: jiƙa gemu da ruwan ɗumi minti 3, buga kumfa mai ruwa-ruwa, ba busasshiya ba. Ja fatar fuska da ɗaya hannun har ta miƙe. Kusurwa kar ta wuce digiri 30, wato tazarar gadon baya da fuska kamar kaurinsa biyu. Gajeren ja, ba dannawa, kuma kar aska ta taɓa tafiya ta gefe, nan ne yanka yake. Makon farko ka tsaya a kumatu, haɓa da wuya ka ƙarasa da rezar da ka saba.

Mu masu murɗaɗɗen gashi, a bi kwanciyar gashi kawai. In ka aske shi ta baya, tsinin yakan koma cikin fata ya haifar da ƙurajen nan na wuya. In jini ya ɗan fito, jiƙa alif ka dafa wurin.

Ka gama, share ta da tsumma, kar ruwa ya shiga wajen ƙusa, bar ta a buɗe ta sha iska. Da damina a Yamai, ɗigon man keken ɗinki a bakin ya wadatar. Masu tafiya da ita gida kuma, a sa ta cikin babbar jaka da ake aunawa, don a jakar hannu za a karɓe ta a filin jirgi.