A Ɗaure Goma, A Kwance Goma

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ana jina a baya? Malam mai jar hula, kana ji? To madalla. Wannan lasifikar sai ta ga dama take aiki.

Shugaban taro, hedimastoci, malamai maza da mata, da iyayen yara da na hango can bakin taga, barkanmu da war haka. An ce in yi magana a kan yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku tarawa da ɗebewa da gidan lamba, wato yadda wurin da lamba ta zauna ke nuna ko ta ɗai-ɗai ce, ko ta goma-goma, ko ta ɗari-ɗari. Na kasa maganar kashi huɗu: ƙirga, gidan lamba, tarawa da ɗebewa, sai kayan aiki. In na zarce lokaci a ɗaga mini hannu. Ba zan gani ba, amma dai a ɗaga. (dariya)

Na farko, ƙirga. Yaron da ya rera ɗaya zuwa ɗari bai iya ƙirga ba tukuna, waƙa ya iya. Zuba masa ƙwallon dabino bakwai ka ce ya ƙirga, sai ka ga bakinsa ya riga yatsansa, ya taɓa ɗaya sau biyu, ya tsallake wani, ya ce maka tara. Akwai gwajin da Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya shahara da shi. A jera tsakuwa layi biyu, biyar-biyar, yaro ya yarda daidai suke. Sai a baza layi ɗaya a gabansa, a sake tambaya. Ɗan shekara huɗu ko biyar yakan ce mai tsawon ya fi yawa. Ba daƙiƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Ku gwada da jikokinku yau da dare. Maganinsa ya taɓa, ya ture gefe, ya faɗi lamba. Shi ke nan, mu wuce.

Amma kafin mu wuce, harshe. Mu Hausawa an yi mana gata ba mu sani ba. Goma sha ɗaya. Goma sha biyu. Goma sha uku. Kun ji goman tana zaune a cikin sunan? Ɗan Bature kuwa sai ya haddace wata kalma daban ta 11, wata ta 12, sannan 13 da 30 su zo su rikita shi. Mu kanmu malamai in mun faɗe su, “tatin” da “tati”, wa ke jin bambanci daga bayan aji? (dariya) Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankin da yake, amma ka shiga aji ɗaya ka ji ana rera “handired, tens an yunit”, yaro bai san an taɓa kasuwar garinsu ba.

Sai dai muna da namu laifin. Ƙiwar baki ta sa mun yar da goman, muna cewa sha uku, sha huɗu. A aji don Allah a dawo da ita. Na biyu, ashirin da talatin da arba'in har casa'in, duk aron Larabci ne, ba su nuna wa yaro abin da ke cikinsu. Kakanninmu gomiya biyu suke cewa, gomiya uku. Da mun riƙe wannan, da rabin aikinmu ya ragu. Kuma ku saurari tsofaffi: ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Ɗebewa ce a bakin kaka, ba alli ba allo. Ka ce mata 38 da 19, za ta ɗora ashirin ta cire ɗaya, ta ce maka 57 kafin ka gama neman biro.

To, ga abin da ya kawo ni. A miƙo mini ledar nan. Na gode, ɗana.

Kun ga wannan? Tsinken tsintsiya ne. Na uwargida ce, ba ta sani ba. (dariya) Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, goma. Na ɗaure. Wannan dami ne. Yanzu in tambaye ku: wannan ɗaya ne ko goma? Malama ta ce goma. Malam ya ce ɗaya. Duk kun yi gaskiya, kuma duk wahalar gidan lamba a nan take. Abu ɗaya ne, kuma goma ne, a lokaci guda. Babba ya saba har ya manta abin mamaki ne. Yaro ɗan shekara shida ba zai yarda da shi don ka rubuta a allo ba. Sai ya ƙirga da hannunsa, ya ɗaure da hannunsa. Ba kai za ka ɗaure masa ba. Na sake faɗa, ba kai za ka ɗaure masa ba. In ka zo da damin a ɗaure daga gida, ka cinye masa darasin.

Ɗan manomi ya san dami. Ya ga an ɗaure dawa, ya ji ana cewa gonar wane ta ba da dami hamsin, ba wanda ya ƙirga zangarniya. 'Yar talla ta san ƙulli, ta san kashin tumatir. Abin yana gidansu, mu ne ba mu ɗauko ba. Kuma ba yau aka fara ba. Lokacin da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya biyo ta Tasawa a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya ga yadda ake ƙirga kuɗin wuri: biyar-biyar ake jan su da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, buhu guda kuma ya ɗauki 20,000. Wa zai ƙirga wannan ɗaya bayan ɗaya? Sai da tsibi. Tsibi a kan tsibi.

Yanzu ku duba. Dami biyar, tsinke biyu. Nawa ke nan? Hamsin da biyu. Ina so in ɗebe talatin da takwas. In kun ba 'yan aji uku wannan a takarda, ku lura da masu rubuta 26. Ba cankar banza suka yi ba. Yaron ya dubi 2 da 8, an taɓa gaya masa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su ya samu 6, ya cire 3 daga 5 ya samu 2. Yana da dalili. Jan biro ba ya kashe dalili.

Mu kuma me muke ce masa? Biyu ba za ta ɗebi takwas ba, sai mu ari ɗaya. Aro. Shekara da shekaru ina faɗar haka, har wata yarinya ta kunyata ni. A wata makarantar ƙauye ce, ina sabon malami. Yarinyar kan yi tallar ƙosai kafin ta zo aji, canji kuwa ko ni ban kai ta sauri ba, amma ɗebewar takarda kullum sifiri. Rannan na tsaya a kanta na ce, ke, ari ɗaya a maƙwabta mana. Ta ɗago kai ta ce, Malam, Inna ta hana ni cin bashi. (dariya) Aji ya fashe. Ni ma na yi dariya. Sai ta ƙara da cewa, kuma ban taɓa ganin kun mayar ba. Nan dariyata ta tsaya. Gaskiyarta. Mun ara, ba mu taɓa biya ba. Kuma ɗayan da muka aro, yana ƙetarowa sai ya rikiɗe ya zama goma, kamar siddabaru.

Ba aro ba ne. Ku kalli hannuna. Tsinke biyu gare ni a warwatse, ana bina takwas. Me zan yi? In kwance dami ɗaya. Ga shi na kwance. Yanzu dami huɗu, tsinke goma sha biyu. An ƙara mini wani abu? An rage? Hamsin da biyun nan tana nan, kaya kawai ta sake. Na ba da takwas, saura huɗu. Na ba da dami uku, saura ɗaya. Dami ɗaya da tsinke huɗu, goma sha huɗu. Da na nuna wa yarinyar nan haka sai ta ce, au, canji ne. Canji ne! Ita ta ba ni kalmar, tun daga ranar ban sake cewa aro ba. A ce kwance, ko a ce canji. A tarawa kuma, maimakon “mu riƙe ɗaya a ka”, a ce sun kai goma, a ɗaure, a kai gidan dami. Ɗaure da kwance. Hanya ɗaya ce, zuwa da dawowa.

Mu da muka shiga firamare kafin naira ta zo a watan Janairun 1973, mun sha wata wahalar da ta yi mana rana. Kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. A layi ɗaya na lissafi sai ka ɗaure a sha biyu, ka matsa gaba ka ɗaure a ashirin. Bulala kam mun sha ta, amma mun gane cewa girman dami yarjejeniya ce. Yau kuwa in za ka yi da kuɗi, naira ɗaya ma wa ya ga idonta? Sai dai goma, ɗari, dubu.

Ina muke? Na uku? A'a, ban taɓa sifiri ba. To wannan ya zama na biyu da rabi.

Ka ce wa yaro rubuta ɗari da biyar, ya rubuta 1005. Abin da ya ji ya rubuta: ga ɗari, ga biyar. Wani kuma ya rubuta 15. Zana gida uku a ƙasa. Babban dami, wato dami goma a haɗe, a gidan hagu. Tsinke biyar a gidan dama. Na tsakiya fa? Ba kowa. To sifiri shi ne mai gadin gidan da ba kowa, don kada maƙwabta su matso. Kuma a yi wa yara haƙuri a kan sifiri. Duniya da kanta ta daɗe kafin ta gane shi. A Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojinsa a shekarar 628. Al-Khawarizmi ya bayyana lissafin Indiyawa a Bagadaza wajen shekara ɗari biyu bayan nan. Kalmar ma daga Larabci muka samo ta, sifr, wato fanko. Fibonacci ɗan Italiya a Bijaya ta Aljeriya ya koyo lambobin, ya rubuta littafinsa a 1202, kuma Turai ta ƙara ɗaruruwan shekaru tana jan ƙafa. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya ci wa manyan duniya ƙarnuka, shi muke so ɗan shekara shida ya haɗiye daga Litinin zuwa Alhamis.

Na ga an ɗaga hannu. Na ce ba zan gani ba. (dariya) To da gudu. Tarawa: yaro ya san abokan goma kamar sunansa, tara da ɗaya, takwas da biyu, bakwai da uku. Takwas da biyar, ɗauko biyu daga biyar ka cika goma, saura uku, goma sha uku ke nan. Yatsa kuma kada a doki yaro a kansa, zai bari da kansa. Daga tsinke a koma zane, daga zane a koma lamba. Na huɗun ma na manta ko mene ne. Kayan aiki? Ai ga su a hannuna. Tambaya.

(Wata malama: Allah ya gafarta Malam, ajina yara sun haura ɗari, ba benci. Ina zan sami tsinken, kuma wa zai hana su tsokane wa juna ido?)

Malama, kin taɓo inda ke ciwo. Ki bar tsinken tsintsiya, wannan na wasan tsofaffi ne. Sillen kara, a kakkarya kamar tsawon yatsa, kowane yaro ya zo da ashirin daga gida. Kada ki ba su robar ɗaure kuɗi, kafin tashi maza sun mai da ita danƙo. Tsumma za a yayyaga, ko kaba. Rashin benci a nan riba ce: ki fita da su gindin bishiya, shida-shida, kowace ƙungiya ta zana gidajenta a ƙasa. Kuma ki kasa su bisa abin da suka iya, ba bisa tsawo ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da dami da tsinke take aiki a ajujuwa masu cunkoso, an kuma kawo tsarin nan jihar Borno da wasu jihohi. Ba zan ce miki da sauƙi ba. Makon farko hayaniya za ki sha. Baba, bisimilla.

(Wani dattijo: Ranka ya daɗe, ni daga Maraɗi nake. Mu can dala ashirin muke cewa, amma a jikin kuɗin 100 aka rubuta. Jikana ya rikice.)

Kai, Baba, ka zo da babba. Jama'a kun gane? A Nijar dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. Yaro ya ji ashirin da kunne, ya ga ɗari da ido. Dala ɗari kuma 500, jaka ɗaya 1,000, wato dala metan. Haka ne, Baba? Yauwa. To jikanka ninkawa yake yi kullum a kasuwa bai sani ba, sai dai damin kasuwarku na biyar ne, na makaranta na goma. Shawarata kada a fara masa gidan lamba da kuɗi sam. A bar shi da kara har goma ta zauna. Daga baya a ɗaure masa ƙananan ƙulli na biyar-biyar, a ce wannan dala ce, ya ƙirga ƙulli ashirin, ya kwance da kansa ya ga kara nawa ne. Ka ba shi yamma guda, ka zauna kusa, kada ka faɗa masa amsar ko ya yi kuka.

An kira salla ko? To a tattara mini kayana. Tsaya. Dami biyar na zo da su, huɗu nake gani. Wa ya ɗauke mini ɗaya?

(Murya daga baya: Malam, ai kai ka kwance shi.)

(dariya) Haka fa. To a tsince mini goman, kada uwargida ta ƙirga.