Me ya sa jirginka mai siffar makami mai linzami yake kifawa?

Ku duba wannan bidiyon. Wani mai jirgin wasa ya ɗaga hannu, ya wurga, jirgi ya ɗaga hanci sama kamar raƙumi ya ga rijiya, daƙiƙa biyu, ƙasa. Ga wani. Shi ma haka. Na uku ma kada mu ɓata lokaci, kun riga kun san ƙarshensa.

Irin waɗannan bidiyoyin sun cika waya kwanakin nan. Matasa na ƙera jirgin wasa mai rimot, dogo siriri kamar makami mai linzami, kuma kusan duka a wuri ɗaya suke mutuwa. Wasu sun ce inji ne bai da ƙarfi, wasu sun ce batir ne na jabu. Ni dai na kalli da yawa, kuma mafi yawansu laifin yatsu biyu ne. Zan zo kansu.

Kayan aiki da sauri, tunda kuna ganinsu a tebur. Allon soso mai kaurin milimita 5. Inji mai lamba 2212, da na'urar daidaita gudunsa mai amfiya 30. Batirin LiPo mai ɗaki uku, bolt 11.1. 'Yan injinan karkata fiffike masu giram 9. Rimot, irin FlySky mai tashoshi shida ya wadatar. Gam mai zafi, salatif, sai tsinken tsire don ƙarfafa fiffike. A wanke shi tukuna, don Allah, kada jirgi ya riƙa ƙamshin ƙuli.

Yanka, naɗewa, mannawa, duk ga su nan a hoto, babu wani sirri a ciki. Abu ɗaya kawai: kada a sa farfela sai an gama gwada inji da rimot. Tana yanka yatsa kamar reza.

Kafin yatsun nan biyu, kalma ɗaya kan fiffike. Makami mai linzami na gaske gudu ne ke riƙe shi a sama, shi ya sa 'yan fukafukansa ƙanana suke isarsa. Naka na soso ba shi da wannan gudun. Lissafin kuwa ba ya sassauci: in ka rage faɗin fiffike zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, nauyi bai canza ba, sai ka ninka gudu sau biyu kafin ya tsaya a iska. Amurkawa sun taɓa ƙera jirgin yaƙi a wannan siffar, F-104 na kamfanin Lockheed, ya fara tashi a 1954. Tsawonsa ya kusa mita 17, fukafukansa daga baki zuwa baki ba su kai mita 7 ba, har ana yi masa kirari da makami mai linzami da mutum a ciki. Jamus ta Yamma ta mallaki 916, ta yi asarar 292 a haɗurra. Ƙwararrun matuƙa ke nan fa. To kai da jiya ka fara riƙe rimot, yi wa kanka adalci, ka bar gangar jiki siririya yadda kake so, amma ka ba shi fiffike na gaske.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da ni.

Kalli abin da wannan ɗan'uwan yake yi. Ya ɗora jirgin a kan yatsa, daidai tsakiyar tsawonsa, ya ga ya tsaya cak, ya yi murmushi. Nan ya kashe shi. Haka ake auna sanda ko muciya. Jirgi kuwa ba a auna cibiyar nauyinsa, wato wurin da nauyin gaba da na baya suke daidaita, daga tsawon jiki, daga fiffike ake aunawa, domin fiffike ne ke ɗauke da shi a sama.

Ɗauki rula. Auna fiffike daga bakinsa na gaba zuwa na baya. Nawa santimita 24 ne. Ga miƙaƙƙen fiffike irin wannan, cibiyar nauyi tana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba, wato tsakanin santimita 6 da 8. Sabon shiga ya kama 6. Sa ɗigo da biro a ƙarƙashin kowane fiffike. Yatsa nan, yatsa nan, ɗaga. Da batir a ciki fa, da farfela, da komai, yadda zai tashi. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, madalla. Wutsiya ta faɗa ƙasa, kada ka fita daga gida. In fiffikenka mai kusurwa uku ne ko mai karkata baya, wannan awon ba naka ba ne, lissafinsa daban.

Me ya sa gaba? Tuna kibiyar maharba. Ƙarfen tsininta ne ke jan ta, karan yana bi. Juya ta ka harba da gindi, ka ga yadda za ta wuntsila. Jirgi ma in nauyi yana gaba, iska ta ture hancinsa sama, da kansa zai dawo. In nauyi yana baya, ture kaɗan sai ya ƙara ɗagawa, ya ƙara, har fiffike ya saki iska. Abin da kuka gani a farkon bidiyon nan ke nan. Mai nauyin hanci zai wahalar da kai, ya sauka da gudu, amma za ka koma gida da shi. Mai nauyin wutsiya a leda za ka kwaso shi.

Wannan siffar kuma ta fi kowace saurin yaudara, saboda kowa na son ɓoye inji a can baya don ya yi kama da na gaske. Injin nan giram 50 ne ko kusa. Ka sa shi santimita 50 bayan ɗigon, sai batir mai giram 180 ya matsa gaba kusan santimita 14 kafin ya biya bashin injin kaɗai. Ba a sa gam da salatif da fentin da ka lafta wa wutsiya a lissafi ba. Kuma dogon hancin nan shi ma iska na kama shi ta gefe tana neman juya jirgin, don haka fukafukan wutsiya su fi yadda idonka yake so girma.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Kada ka liƙa ƙarfe a hanci, matsar da batir. A jirgi mai giram 800, matsa shi santimita 4, cibiya ta matsa kusan santimita 1. In ka samu wurin, zana layi, ka ɗaure shi da maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya irin na takalmin yara. Na taɓa barin nawa sakaka, ina wurgawa ya zame baya. Ba ni da hoton wannan, kuma ko ina da shi ba zan nuna muku ba.

Gwaji na ƙarshe, inji a kashe, fili mai ciyawa, fuskanci iska, tura shi a miƙe. Ya zarce ya sauka a hankali? To kunna.

Sai batun fenti. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abu mai wannan siffa, a wannan zamani, kusa da bariki ko filin jirgi, ba sai na faɗa ba. Nemi izini, nisanci jama'a, ka shafa masa fenti ruwan lemo mai ɗaukar ido, kowa ya san wasa ne. Batirin kuma kada a bar shi a caji ba kowa, kada a bar shi a mota cikin rana, in ya kumbura ya gama aiki.

Ga jirgin farko ɗin nan, na karɓo shi na manna hancin. Inji bai canza ba, fiffike bai canza ba, batir kawai na matsar gaba. Riƙe min kyamarar. Bismillah.